Babi na Huɗu: Shaidu Biyu a Kan Ruɓaɓɓen Dutse

Masana sha'anin ƙasa sun kasa ƙasar da muke takawa gida biyu, kuma duk wanda zai aza harsashin gini, ko ya datse kogi, ko ya yanka gefen tudu domin fitar da hanya, wajibi ne a kansa ya san da wacce daga cikinsu yake mu'amala tun kafin a sara digar farko. Ta farko ita ce baƙuwar ƙasa, wadda ruwa ko iska suka kwaso daga wani wuri mai nisa suka zube a inda take yanzu, irin lakar fadama da yashin bakin kogi. Kuma da yake ruwa yakan tace abin da ya ɗauko, mai nauyi ya kwanta da wuri, marar nauyi ya yi nisa, sai ka iske wannan ƙasa ta jeru shimfiɗa bisa shimfiɗa, ta yadda wanda ya haƙa rami a nan ya ga tsarinta yana iya yin ƙiyasin abin da ke can taku hamsin gaba, kuma galibi ƙiyasin nasa ya dace.

Ta biyu kuwa, wadda ita ce maƙasudin wannan babi, ita ce mazauniyar ƙasa, wadda ba ta taɓa yin ƙaura ba, domin a asalinta dutse ce, ruwan sama da zafi suka yi ta cinsa sannu a hankali, ƙarni bayan ƙarni, har ya ruɓe a inda Allah Ya ajiye shi. In aka ɗauke ɗan rairayin da iska ta shimfiɗa a sama a wasu yankuna, to abin da ke ƙarƙashin Kano da Zariya da Kaduna da Abuja irin wannan ne, kuma haka yake a Kumasi ta ƙasar Gana, da sassa masu faɗi na Barazil da Indiya da Maleshiya da kudancin Sin. A kan irin wannan ƙasa ƙiyasi ba shi da ƙarfi, saboda dalilan da za a bayyana.

Yadda dutse ke ruɓewa

Duwatsun giranit da ke cikin tsohon tushen ƙasar Arewa, waɗanda Kufena ta Zariya ke daga cikin kawunansu da suka leƙo sama, shekarunsu sun tasam ma miliyan 600, kuma mafi yawan jikinsu ma'adinai uku ne: kwaz, da felsfa, da maika. Idan ruwan sama, wanda ya ɗauko ɗan tsami daga iska da kuma ruɓaɓɓen ganye, ya tsiyaya cikin tsagogin dutsen, sai ya narkar da wani sashe na felsfa ya mai da saura farin yumɓu, irin farar ƙasar da ake haƙowa a Ƙanƙara ta jihar Katsina. Ƙarfen da ke cikin baƙin maika ya yi tsatsa ya rina ƙasar ja. Shi kuwa kwaz, da yake ruwa ba ya iya masa komai, sai ya wanzu a matsayin yashi da tsakuwa. Inda damina da rani suka daɗe suna musanyawa, ƙarfen nan yakan taru kusa da sama ya daskare ya zama marmara, wadda ita ce ta yi wa Dala da Goron Dutse hula ta hana su zaizayewa alhali ƙasar da ke kewaye da su ta tafi.

Saboda haka mai haƙar rijiya a waɗannan wurare yakan wuce jar ƙasa, ya fasa marmara da ƙyar, ya faɗa cikin yumɓu mai rodi-rodin ja da fari, daga nan ya isa abin da masu sana'ar ke kira ruɓaɓɓen dutse, wanda ido ke ganin zanen dutse a jikinsa ɓaro-ɓaro amma hannu na murje shi ya zama gari, sa'an nan ya cim ma dutse mai tsagogi, kafin ɗanyen dutsen da diga ba ta kama shi. A shekarar 1957 wasu masana biyu, Ruxton da Berry, suka bayyana wannan tsari dalla-dalla a kan giranit na Hong Kong, kuma daga ire-iren wannan aiki ne injiniyoyi suka daidaita a kan darajoji shida na ruɓewa, daga daraja ta ɗaya, wato ɗanyen dutse, zuwa ta shida, wato ƙasar da babu sauran alamar dutse a cikinta. A ƙasar Hausa kaurin wannan ruɓaɓɓen sashe yakan kama daga mita kaɗan zuwa mita 30 ko fiye, a wuraren da suka fi samun ruwan sama kuwa yana zarce mita 60.

To, illar ita ce ruɓewar ba ta sauka bai ɗaya. Ruwa yana bin tsaga ne, inda tsagogi suka yi yawa sai ya ci dutsen ya yi zurfi, inda dutsen yake a dunƙule sai ya kewaye shi ya wuce; shi ya sa a fili ɗaya, wanda bai fi na gida guda ba, ana iya samun dutse a mita uku a kusurwar gabas, a kusurwar yamma kuwa a yi mita ashirin ba a taɓa shi ba, kuma ginin da rabinsa ke kan dutse rabinsa ke kan yumɓu mai lotsawa ba ya buƙatar girgizar ƙasa kafin bangonsa ya tsage. Har wa yau, a tsakiyar ruɓaɓɓen sashen akan iske manyan curin dutse waɗanda ruwa ya ci gefensu bai kai ga cibiyarsu ba, suna zaune cikin ƙasa mai laushi, wasunsu sun fi ɗaki girma. Kuma tsoffin tsagogin dutsen ba sa gushewa don dutsen ya zama ƙasa: suna nan a ɓoye, sau da yawa cike da farin yumɓu mai santsi, suna jiran ranar da za a yanka gangaren, ruwa ya shige su, ƙasar ta zame a kansu.

Shaida na farko: rami da rijiyar gwaji

A shari'a alƙali ba ya yanke hukunci a kan al'amari mai nauyi da bakin mutum ɗaya, komai adalcinsa, sai ya nemi na biyu wanda zai ƙarfafa maganar ko ya warware ta; binciken ƙasa ma a kan wannan ƙa'ida ya kamata ya tsayu, domin yana da shaidu biyu, kowane da abin da ya gani da abin da ya ɓuya masa.

Na farkonsu shi ne haƙa. Mafi sauƙinsa ramin gwaji, mai zurfin mita biyu zuwa huɗu, wanda injiniya zai duba bangonsa, ya auna kaurin kowane sashe, ya bi tsoffin tsagogin nan ya ga inda suka karkata, ya yanko curin ƙasa a yadda take, ya naɗe shi don kada ya bushe. Kuma a mazauniyar ƙasa babu abin da ya kai wannan fa'ida, gani ya kori ji, da sharaɗin a tokare bangon ramin idan ya yi zurfi, don ramukan da ba a tokare ba sun sha binne masu aiki. Abin da ya wuce nan sai injin haƙa, wanda ke huda rijiyar gwaji mai faɗin taƙi ɗaya ko ƙasa da haka. A cikinta ne ake yin sanannen gwajin guduma: a sauke bututun ƙarfe mai buɗaɗɗen baki zuwa gindin ramin, a riƙa sakar masa guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76, har ya nutse santimita 45, a yi watsi da bugun santimita 15 na farko domin ƙasar wurin ta riga ta dagule, a ƙidaya bugun da ya ci santimita 30 na ƙarshe. Adadin in ya yi ƙasa da goma, ƙasar ba ta da ƙarfi. In ya kai hamsin bututun bai gama shiga ba, sai a rubuta cewa ƙasa ta ƙi.

A nan ne ruɗin farko yake. Ƙin da ƙasa ta yi ba hujja ba ce cewa an kai tushen dutse, don mai yiwuwa bututun ya sauka ne a kan marmara mai kaurin mita ɗaya wadda yumɓu mai laushi ke ƙarƙashinta, ko a kan ɗaya daga cikin curin duwatsun da aka ambata. Kuma wanda ya kafa ginshiƙin bene a kan curin dutse yana zaton tushe ne, ya ɗora nauyin gidansa a kan abin da shi kansa a kan laka yake. Wannan ne ya sa masu taka-tsantsan ba sa yarda a tsai da haƙa da zarar an taɓa dutse, sai an sauya baki an sa mai haƙoran lu'ulu'u, an yanko dutsen mita uku zuwa biyar a jere, an jera shi cikin akwati an duba, kafin a ce lalle tushe ne.

Ruɗi na biyu a ɗakin gwaje-gwaje yake faruwa, kuma asalinsa taƙlidi ne. Ilmin ƙarfin ƙasa, wanda Karl Terzaghi ya aza harsashinsa da littafin da ya buga a Biyana a 1925, ya girma ne a kan baƙuwar ƙasar Turai da Amurka ta Arewa, irin yumɓun Landan da na Boston, kuma gwaje-gwajensa na yau da kullum suna farawa da busar da ƙasa a daka ta a tankaɗe, abin da ba ya cutar da waccan ƙasa ƙwarai. Amma ƙarfin mazauniyar ƙasa, sashe babba nasa yana cikin ɗaurin da ta gada daga dutse da kuma tsatsar ƙarfen da ta manne ƙwayoyinta, don haka wanda ya daka ta ya auna wata aba ce dabam, ba wadda za ta ɗauki ginin ba. Shi kansa Terzaghi ya gamu da wannan a Kenya cikin shekarun 1950, sa'ad da ake gina madatsar ruwa ta Sasumua a tsaunukan Abadeya domin shayar da Nairobi. Jan yumɓun wurin, wanda ya samu daga ruɓewar duwatsun aman wuta, yana riƙe ruwa mai yawa, ba shi da nauyi, kuma bisa ma'aunin littattafan zamanin bai cancanci a gina madatsa da shi ba, har gardama ta tashi tsakanin masu aikin da ɗan kwangila. Da aka zurfafa bincike sai ta bayyana cewa yumɓun na wani jinsi ne da ake kira haloisait, ƙwayoyinsa sun dunƙule ƙulli-ƙulli, kuma ƙarfinsa ya zarce abin da ma'aunin ya nuna nesa ba kusa ba. Aka gina madatsar da shi, ta riƙe ruwa, Terzaghi ya wallafa bayanin a 1958. Daga baya masanan Afirka suka ɗauki wannan fage da kansu, kamar Gidigasu na Kumasi, wanda littafinsa a kan jar ƙasa da marmara ya fito a 1976, kuma daga cikin abin da ya tabbata akwai cewa busar da wasu jajayen ƙasashe a tanda yana sauya ɗabi'arsu sauyin da ba ya komawa.

Akwai kuma sha'anin lokaci. Jar ƙasa a watan Maris, sa'ad da ta yi wata biyar ba ta ga ruwa ba, takan yi tauri har diga ta yi tsalle a kanta, saboda ɗan danshin da ya rage tsakanin ƙwayoyinta yana jan su yana matse su. Amma wannan ƙarfin aro ne, in ruwan Agusta ya ƙosar da ita sai ya tafi, wani lokaci ma ƙasar ta lotsa farat ɗaya a ƙarƙashin nauyin da ta ɗauka lafiya duk rani. Sakamakon da ba a rubuta watan da aka same shi ba, da zurfin da ruwa ke tsayawa a rijiyoyin maƙwabta da damina, sakamako ne mai naƙasa.

Duk da haka babban aibin wannan shaida shi ne ƙarancin abin da ya gani. Gaskiya yake faɗi, amma gaskiyar raminsa kaɗai. Ko da an huda rijiyoyi biyar a fili mai faɗin kadada ɗaya, ƙasar da aka fito da ita aka gani da ido ba ta cika amalanke ba, saura duka zato ne.

Shaida na biyu: lantarki da girgiza

Na biyun ba ya haƙa komai, daga sama yake tambayar ƙasa. A shekarar 1912 wani Bafaranshe, Conrad Schlumberger, ya gwada tura wutar lantarki cikin ƙasa a gonar gidansu da ke Nomandi yana auna yadda take bazuwa, a 1915 kuma Frank Wenner a Amurka ya fitar da nasa tsarin, kuma har yau da sunayen mutanen nan biyu ake kiran hanyoyin jera turakun. Turakun ƙarfe huɗu ake kafawa a layi ɗaya, biyu na waje su tura wuta, biyu na ciki su auna, kuma gwargwadon yadda aka nisanta na wajen, gwargwadon zurfin da wutar ke ratsawa. Abin da ake nema shi ne turjiyar ƙasa ga lantarki: jiƙaƙƙen yumɓu yana barin wuta ta wuce, turjiyarsa ba ta cika wuce om-mita 100 ba, ɗanyen giranit kuwa yana kai dubbai. Shi ya sa a ƙasar tsohon dutse awon yakan fara da sama a busasshiyar marmara, ya faɗo a ruɓaɓɓen sashe, ya sake hawa in an kai tushe, kuma da wannan alamar ce masu neman wurin haƙa rijiyar burtsatse suke aiki, kamar yadda aka yi a shirin samar da ruwan karkara na jihar Kano cikin shekarun 1980. Tun daga shekarun 1990, da kwamfuta ta sauƙaƙa lissafin, akan jera turaku da dama lokaci guda, na'ura ta riƙa zaɓar huɗu-huɗu da kanta, a fitar da hoton yankan ƙasa mai nuna inda dutse ya taso da inda ya nutse a tsawon layin gaba ɗaya.

Ɗaya hanyar ta girgiza ce, wadda Bajamushe Ludger Mintrop ya yi wa rajista a 1919, aka fara cin moriyarta wajen neman man fetur. A aikin gini ba a buƙatar nakiya: farantin ƙarfe ake ajiyewa a maka masa babbar guduma, na'urorin sauraro goma sha biyu ko ashirin da huɗu da aka kafa a jere su rubuta lokacin da girgizar ta iso ga kowannensu. A sakakkiyar ƙasa girgizar tana tafiyar mita 300 zuwa 800 a daƙiƙa, a ɗanyen giranit kuwa tana kai mita 5,000, saboda haka na'urorin da ke nesa sukan fara jin wadda ta nutsa ta bi ta dutse ta ɓullo kafin wadda ta biyo ta sama, kuma daga wannan bambanci ake lissafa zurfin dutsen. Wannan awo yana da wata fa'ida ga masu yanka hanya, domin abin da saurinsa bai kai kimanin mita 2,000 ba babbar katafila tana iya yage shi, abin da ya zarce haka sai an fasa da nakiya, kuma rigimar ko abin da aka haƙa ƙasa ne ko dutse ta daɗe tana raba masu aiki da 'yan kwangila, tun da kuɗin biyun ba ɗaya ba ne.

Sai dai wannan shaida, ko da yake ya kewaya ko'ina, maganarsa tana ɗaukar tawili fiye da ɗaya. Siririn sashe mai jan wuta ƙwarai da kakkauran sashe mai matsakaicin ja suna iya ba da awo iri guda, lissafi kaɗai ba ya raba su. Girgiza tana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, don haka jiƙaƙƙiyar ƙasa marar ƙarfi tana iya bayyana tamkar dutsen da ya fara ruɓewa. Mafi muni, hanyar Mintrop an gina ta ne a kan sharaɗin cewa sauri yana ƙaruwa da zurfi, alhali marmara a kan yumɓu ta saɓa wa wannan sharaɗi, sai sashe mai laushin, wanda shi ne abin tsoron, ya ɓace daga lissafin ɗungurungum. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa a yanzu ake ƙarawa da awon girgizar da ke bin fuskar ƙasa, wadda ruwa ba ya ruɗa ta sosai. A cikin gari kuma bututun ruwa da wayoyin da aka binne suna karkatar da wuta, rugugin manyan motoci yana cika na'urorin sauraro, da rani kuwa busasshiyar marmara takan ƙi karɓar wutar sai an zuba wa turakun ruwan gishiri.

Haɗa bakin shaidun

Tun da haka ne, tartibin da hankali ya yarda da shi shi ne a fara da tattaki da tambaya, a duba taswirar duwatsun yankin, da kududdufai da yankan hanya na kusa, a ji daga bakin masu haƙar rijiya na unguwar a gaba nawa suke samun dutse. Sa'an nan a ja layukan lantarki ko na girgiza a ratsa filin. Sa'an nan a sa rijiyoyin gwaji a wuraren da awon ya nuna, ɗaya inda dutse ya fi tasowa, ɗaya inda ya fi nutsewa, ɗaya inda awon ya rikice, maimakon a jera su a kusurwoyi huɗu da tsakiya bisa al'ada. Daga ƙarshe a koma ga lissafin farko a gyara shi da zurfin da aka gani da ido. In shaidun biyu suka yi ittifaƙi, an kusanci yaƙini. In kuwa suka saɓa, to saɓanin nan shi ne mafi tsadar abin da binciken ya samo, domin yana nuna daidai wurin da ƙasar ke ɓoye wani abu, kuma maganinsa ƙarin rami ne a wurin, ba zaɓen wanda ya fi daɗin ji ba.

Mutanen Hong Kong da rayuka suka sayi wannan darasi. Ranar 18 ga Yuni, 1972, bayan kwanaki ana tafka ruwa, wani gangaren ciko da aka yi da ruɓaɓɓen giranit ba tare da an daddanne shi yadda ya kamata ba ya malalo a Sau Mau Ping ya hallaka mutum 71, da daren ranar kuma gefen tsauni ya zaftare a titin Po Shan ya kayar da bene mai hawa goma sha biyu, mutum 67 suka rasu. Da ciko ya sake zubowa a Sau Mau Ping a watan Agusta na 1976 ya kashe mutum 18, sai hukuma ta kafa ofishi na musamman a 1977 wanda aikinsa duba ƙasa da gangare, ta sa binciken ƙasa ya zama sharaɗin izinin gini a kan tudu, ta kuma yi wa dubban gangarori rajista ɗaya bayan ɗaya. Tun daga lokacin asarar rayuka ta wannan fuska ta ragu ƙwarai, alhali ruwan saman bai ragu ba, birnin kuma sai ƙara hawa tsaunukan yake yi.

Kuɗin irin wannan bincike a babban aiki da wuya ya wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na kuɗin ginin, amma shi ne abin da mai gini ya fi saurin yankewa, saboda ba a ganinsa a jikin bango. Wanda aka miƙa wa rahoton binciken filinsa, ko da bai karanci injiniyanci ba, yana da haƙƙin ya tambaya a wane wata aka yi aikin, da mita nawa aka shiga cikin dutsen kafin a kira shi tushe, da kuma abin da ya tabbatar da cewa tsakanin rijiya da rijiya ƙasar ba ta sauya ba; injiniyan kirki zai yi murna da tambayoyin, domin amsarsu ce ke nuna ko harsashi mai faɗi zai wadatar, ko sai an shimfiɗa faifan kankare a ƙarƙashin ginin duka, ko kuwa sai an kafa ginshiƙai har zuwa dutse. Zaɓi tsakanin waɗannan uku, da abin da kowannensu ke ci na siminti da ƙarfe, shi ne batun babi na biyar.